Darasi: Ƙwayar Gado ta TGM4 da Aikin Firostet a Jikin Namiji

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. faɗin abin da ake nufi da ƙwayar gado da kuma inzayim;
2. bayyana inda firostet take da amfaninta;
3. bayyana aikin ƙwayar gado mai suna TGM4;
4. gane alamomin da ya kamata su kai namiji asibiti.

Darasin zai taɓo fitsari da maniyyi da haihuwa. Mu manya ne, kuma malaman fiƙihu ba su taɓa jin nauyin karantar da babin tsarki ba. Da wannan natsuwar za mu karanta namu.

1. Mece ce ƙwayar gado?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan tantanin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowane tantani akwai wani dogon zare mai suna DNA. A jikin zaren nan aka rubuta umarnin yadda za a gina jiki, da haruffan sinadarai guda 4 kacal: A, C, G da T. Jimillar haruffan ta kai kusan biliyan 3, kuma a shekarar 2003 masana suka sanar da kammala babban aikin karanta su.

Zaren ba a dunƙule yake wuri ɗaya ba. An kasa shi ƙulli 46, ana kiran kowane ƙulli kuromosom. Uwa ta ba da 23, uba ya ba da 23. Kowane guntun zare da ke ɗauke da umarnin yin abu guda, shi ne ƙwayar gado. Waɗanda ke ba da umarnin yin furotin sun kai kimanin 20,000.

> Akwati na 1
> Tantanin halitta: ƙaramin ɗaki mai rai wanda da irinsa aka gina jiki.
> Kuromosom: ƙullin zaren DNA. Mutum yana da 46.
> Ƙwayar gado: guntun DNA mai ɗauke da umarnin yin wani abu a jiki, ana gadonsa daga iyaye.
> Furotin: sinadarin da jiki ke ƙerawa bisa wannan umarni. Ana jera shi ne daga ƙananan tubala iri 20 masu suna amino asid.

*Misali na 1.* Kowa ya san gwajin jinin da ake yi kafin aure saboda sikila. Ƙwayar gadon da ke jawo sikila tana kan kuromosom na 11, kuma harafi ɗaya tak ne ya sauya a cikinta. Idan miji AS ne, mata ma AS, kowannensu zai ba ɗa ko dai A ko S. Haɗuwar na iya zama AA, ko AS, ko SA, ko SS. Hanyoyi 4 ke nan, ɗaya daga ciki SS. Saboda haka a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai sikila. Lissafin yana komawa sabo a kowane ciki. Haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare 'ya'ya uku na bayansa.

2. Mene ne inzayim?

Wasu furotin gini ne, kamar na tsoka da gashi. Wasu kuwa ma'aikata ne: suna yanka, suna haɗawa, suna sauya wani sinadari ya koma wani, cikin sauri. Waɗannan su ne inzayim.

Kun daɗe kuna aiki da su. Idan aka tauna gurasa ko rogo aka daɗe ba a haɗiye ba, za a ji zaƙi ya fito, domin inzayim ɗin da ke cikin yawu ya yanka sitaci ya mai da shi sukari. Mai kunun zaƙi da ke zuba markaɗaɗɗen dankali a cikin kununta, inzayim ɗin dankalin take sa aiki. Makiyayan da ke yin cuku da ruwan ganyen tumfafiya, inzayim ɗin tumfafiya ne ke daskarar musu da madara. Haka ganyen gwanda ke tausasa nama.

> Akwati na 2
> Inzayim: furotin mai hanzarta wani aiki na musamman a jiki. Kowane inzayim da aikinsa, ba ya yin na wani.

Inzayim da yawa ba sa motsi sai da taimakon wani ma'adini kamar kalsiyam ko zinki. Wannan magana ta shafi yankinmu kai tsaye, kamar yadda misali na gaba zai nuna.

*Misali na 2.* A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, Bagega, 'Yargalma da Tungar Guru. Ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar na ɗauke da dalma, yara na shaƙa suna kuma kai hannu baka. Yara sama da 400 suka rasu, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun shafe shekaru suna jinyar waɗanda suka rayu. To, yaya dalma ke yin ɓarna? Tana shiga jiki ta zauna a gurbin zinki da kalsiyam. Akwai wani inzayim da ke taimakawa wajen yin jan sinadarin jini, wanda sai da zinki yake aiki. Da zarar dalma ta kore zinkin ta zauna, aikin ya tsaya, jini ya ragu. A ƙwaƙwalwa kuma tana rikita saƙonnin da kalsiyam ke kaiwa, shi ya sa yara ke suma da jijjiga. Manyan maza ma ba su tsira ba: dalma mai yawa a jini tana rage yawan ƙwayoyin maniyyi da ƙarfinsu. Mai aikin haƙar zinariya da ke wanke jikinsa da sauya tufafi kafin ya shiga gida yana kare 'ya'yan da ya haifa da waɗanda bai haifa ba tukuna.

3. Inzayim mai ɗinki

Yawancin inzayim ɗin da muka ambata masu yanka ne. Wanda ya dame mu a yau mai haɗawa ne, sunansa taransgulutaminas. An fara gano irinsa a birnin New York na Amurka a ƙarshen shekarun 1950, a ɗakin binciken wani masani mai suna Heinrich Waelsch, a cikin hantar wata ƙaramar dabbar gwaji.

Aikinsa kamar na masunci ne mai saƙa koma. Zare a warwatse ba ya kama kifi, sai an ƙulla shi gida-gida. Taransgulutaminas yana kama wani amino asid mai suna gulutamin a jikin furotin ɗaya, ya ƙulla shi da wani mai suna laisin a jikin furotin na biyu. Idan ƙullin ya yi yawa, abin da yake ruwa-ruwa sai ya daskare ya yi ƙarfi. Irin na jikin mutum ba ya wannan aiki sai da kalsiyam.

> Akwati na 3
> Taransgulutaminas: inzayim mai ƙulla furotin da furotin har su zama abu mai ƙarfi.

Mutum yana da ƙwayoyin gado 9 na wannan dangi. Na farko yana aiki a fata, yana ƙarfafa saman fata don kada ruwan jiki ya tsere. Idan ya lalace, ana haihuwar jariri da busasshiyar fata mai saɓa. Na uku yana da hannu a ƙarfin gashi. Akwai kuma wanda ke cikin jini, wanda likitoci ke kira sinadarin daskarar jini na 13.

*Misali na 3.* Mutum ya yanke da lauje a gona. Bayan 'yan mintuna jinin ya tsaya. Da farko wasu zaruruwa ne masu suna fibirin suka taru a bakin ciwon, amma a sake suke. Sinadari na 13 ne ke zuwa ya ƙulle su, gudan jinin ya yi ƙwari. Jaririn da aka haifa babu wannan sinadari, jininsa kan tsaya da farko, daga baya ya sake ɓallewa, sau da yawa ta cibiya. Cutar ba ta da yawa ko kaɗan, amma ta fi bayyana inda ake yawan auren zumunta. Akwai wasu dalilan da ke sa jariri zubar jini, don haka duk jinin cibiya ko na kaciya da ya ƙi tsayawa, asibiti za a nufa nan take, kada a tsaya ɗaure-ɗaure a gida.

4. Firostet da TGM4

Firostet wata 'yar tsoka ce mai fitar da ruwa, maza kaɗai ke da ita. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye bututun da fitsari ke bi ya fita. A jikin saurayi nauyinta kusan giram 20 ne. A rediyo za ku ji ana cewa "kansar mafitsara" alhali firostet ake nufi. Ku riƙe bambancin, domin likita zai so ya san wanne ne: mafitsara jakar tara fitsari ce, firostet kuwa tana ƙarƙashinta, aikinta na haihuwa ne.

Maniyyi haɗin abubuwa uku ne. Ƙwayoyin da ke haɗuwa da ƙwan mace a maraina ake yin su, kuma su ne mafi ƙanƙanta a cikin ruwan. Mafi yawan ruwan yana fitowa daga wasu jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara. Firostet na ba da kusan kashi 1 cikin 4.

> Akwati na 4
> Firostet: gaɓar namiji da ke ƙarƙashin mafitsara, mai fitar da wani ɓangare na ruwan maniyyi.
> TGM4: ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 3, mai ba da umarnin yin taransgulutaminas na huɗu, wanda firostet ke fitarwa.

Abin lura a nan shi ne, TGM4 tana nan a tantanin fata, da na hanta, da na ido. Tana jikin mata ma. Amma kusan a firostet kaɗai take buɗewa ta yi aiki, kuma aikin yana kankama ne bayan balaga, lokacin da sinadarin mazakuta ya yawaita a jini. Mallakar ƙwayar gado daban, amfani da ita daban. Wannan ita ce amsar tambayar da ɗalibai kan yi: in dai DNA ɗaya ce a duk jiki, me ya sa ido bai zama hanta ba? Kowace gaɓa tana buɗe nata rabon umarnin ne, ta bar sauran a rufe.

*Misali na 4.* Kowane namiji yana da TGM4 guda 2, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mahaifiyarsa ba ta da firostet, amma ta ɗauko ƙwayar daga nata iyayen ta miƙa masa. Wadda ta ba shi, ko dai ta mahaifinta ce ko ta mahaifiyarta, yiwuwar rabi da rabi. Ke nan firostet ɗin mutum na iya yin aiki da umarnin da ya gada daga kakarsa ta wajen uwa.

*Misali na 5.* Furotin ɗin da TGM4 ke yi yana da amino asid 684. Haruffan DNA 3 ne ke nuna amino asid 1. Haruffa nawa ake bukata? 684 sau 3 ya ba da 2,052.

Me wannan inzayim yake yi? A jikin ɓera aka fi ganin aikinsa ƙarara. Bayan barbara, ruwan namijin ɓera yana daskarewa a jikin macen ya zama toshi mai tauri. Inzayim ɗin TGM4 ne ke ƙulla furotin ɗin da ke yin toshin. A 2013 wani masani a Amurka, Matthew Dean, ya wallafa sakamakon gwajin da aka yi da ɓerayen da aka kashe wa wannan ƙwayar gado. Ƙwayoyin maniyyinsu lafiya lau, suna da yawa, suna motsi. Amma toshin bai samu ba, kuma haihuwarsu ta ragu sosai. Ku tsaya a kan wannan sakamako, domin shi ne zuciyar darasinmu: ƙwayar maniyyi mai lafiya kaɗai ba ta wadatar ba, sai ruwan da ke ɗauke da ita ya yi nasa aikin.

Sauro ma haka. Nau'in sauron da ya fi yaɗa zazzaɓi a ƙasarmu, wanda ke cika fadamun Gummi da damina, namijinsa yana sa wa macen irin wannan toshi, kuma wani taransgulutaminas ne na sauro ke daskarar da shi. A 2009 masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan suka hana wannan inzayim aiki. Toshin bai samu ba, macen kuma ta kasa adana maniyyin yadda ya kamata. Tun da macen sauro galibi sau ɗaya take barbara a rayuwarta, masana sun ga wata ƙofa ta rage yawan sauro. Ke nan binciken irin wannan inzayim ya zo ya taɓa cutar da ke kwantar da 'ya'yanmu kowace shekara.

A jikin mutum ba a yin toshi mai tauri. Maniyyi yana yin kauri jim kaɗan bayan fitowarsa, sannan ya narke ya koma ruwa, galibi cikin minti 15 zuwa 30. Mai narkar da shi wani inzayim ne na firostet mai suna PSA, wanda aikinsa yanka ne. Firostet ke nan tana fitar da mai ƙullawa, tana kuma fitar da mai yankawa. Idan narkewar ta yi jinkiri ƙwarai, ƙwayoyin na samun wahalar tafiya, shi ya sa a gwajin maniyyi ake duba lokacin narkewa tare da yawan ƙwayoyi da motsinsu.

Akwai wata cutar gado da ba a cika samu ba, inda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi gaɓoɓin mai ita. A 2015 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gano cewa a maza masu wannan cuta, garkuwar tana kai hari kan furotin ɗin TGM4, kuma harin yana bayyana ne bayan balaga. A ɓerayen da ke da irin cutar, an ga firostet ta kumbura ta lalace, haihuwa ta ragu.

5. Abin da ya shafe mu a gida

Idan aure ya yi shekara biyu ko uku babu ciki, a garuruwanmu matar ake kallo. Ita ake kai wa mai magani, ita ke shan saiwoyi da habaicin dangin miji, wani lokaci a yi mata kishiya ko a sake ta. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba. Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, akwai matsala ta ɓangaren namiji, ita kaɗai ko tare da ta mace. Ƙarfin namiji a shimfiɗa ba shaida ba ce cewa maniyyinsa lafiya yake. Ɓerayen da muka ambata suna barbara yadda aka saba. Gwajin maniyyi ba shi da zafi, ya kuma fi yawancin gwajin mata sauƙi da araha. Adalci shi ne miji da mata su je tare.

Sai batun tsufa. Firostet tana ƙara girma da shekaru, kuma kusan rabin mazan da suka kai 60 tasu ta ƙaru. Da yake ta zagaye bututun fitsari, girmanta na matse shi. Wannan girma ba kansa ba ne. Kansar firostet cuta ce daban, ita ce kansar da ta fi kama maza a Nijeriya, kuma ta fi tsanani a baƙar fata. Da farkonta sau da yawa ba ta nuna wata alama.

> Akwati na 5: Alamomin zuwa asibiti
> Tashi fitsari sau da yawa da dare. Fitsari ba ƙarfi, ko sai an yi yunƙuri. Ɗigar fitsari bayan an gama. Jini a fitsari ko a maniyyi. Ciwon ƙugu ko baya da ya ƙi tafiya, tare da rama. Idan fitsari ya tsaya cak, wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare.

*Misali na 6.* Wani dattijo mai shekara 62 ya gaya wa ɗansa cewa ɗigar fitsari na hana shi riƙe alwala, kuma yana tashi sau huɗu kafin asuba.

Ɗan ya ce, "Baba, ku yi haƙuri mu je asibiti gobe a duba ku."

Dattijon ya ce, "Ai sanyi ne, ɗana. Na sayi magani ran kasuwa."

"Allah ya ƙara muku lafiya, Baba, wata uku ke nan kuna sha. In an gwada an san abin da ake yi wa magani."

Ɗan ya yi daidai. Alamomin nan na iya zama girman firostet, ko ciwon sukari, ko ƙwayoyin cuta a mafitsara, ko tabon tsohon ciwon sanyi da ya ƙuntata bututu, ko kansa. Jini a fitsari kuma, ga masunta da manoman fadama, na iya zama tsargiya. Mai tallar magani da lasifika a kasuwa ba shi da hanyar bambance su, kuma kwalba ɗaya ba ta maganin duka. A asibiti likita zai gwada fitsari, ya taɓa firostet da yatsa ta dubura cikin ƙasa da minti ɗaya, ya kuma auna PSA a jini. Hawan PSA ba hukuncin kansa ba ne, domin girma da kumburi ma na ɗaga shi. Alama ce ta a ƙara bincike. Girman firostet yana da ƙwayoyin sha, yana da tiyata. Wanda fitsarinsa ya tsaya ana sa masa roba ya samu sauƙi nan take.

A fara da babban asibitin Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki da tsadar mota, kuma wannan ma dalili ne na tafiya da wuri, tun mutum na iya zaɓar ranarsa da ƙafarsa. Namijin da ya kai shekara 45 zuwa 50 ya tambayi likita game da gwajin firostet. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi kansar, ya faɗa wa likita, kuma ya fara da wuri.

Tambayoyin bita

1. Kuromosom nawa mutum yake da su, kuma nawa ya samu daga uwa?
2. Da kalmominka, bayyana bambancin ƙwayar gado da inzayim.
3. Kawo misalai biyu na aikin inzayim a girki, ban da na yawu.
4. Ta yaya dalma ke hana wasu inzayim aiki?
5. Waɗanne amino asid biyu ne taransgulutaminas ke ƙullawa, kuma wane ma'adini yake bukata?
6. A kan wane kuromosom TGM4 take? Mata suna da ita? Yi bayani.
7. Wani furotin yana da amino asid 150. Haruffan DNA nawa ke nuna su?
8. Me ya faru da ɓerayen da aka kashe wa TGM4, kuma me wannan ya nuna game da ruwan maniyyi?
9. Gaskiya ko ƙarya: duk wanda PSA ɗinsa ya hau yana da kansa.
10. Ku tattauna a rukuni: maƙwabcinku ya shekara huɗu da aure babu haihuwa, danginsa na matsa masa ya ƙara aure. Wace shawara za ku ba shi, kuma da wane lafazi za ku faɗa masa har ya karɓa?